WA ZAI BUƊE WA MAI TUBA ƘOFA?

Darasin nazari domin ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumunta

Kafin a shiga wannan darasi, yana da kyau mai jagora ya sa a karanta Ayyukan Manzanni sura 9, aya 1 zuwa 30, da kuma Bisharar Luka sura 15, aya 11 zuwa 32.

GABATARWA

Akwai wata tambaya da kowace ikilisiya take gamuwa da ita, ko ba daɗe ko ba jima. Mutumin da muka sani da mugunta, wanda ya cuci wani daga cikinmu, ya dawo ya ce ya tuba, yana neman wurin zama a tsakiyarmu. Me za mu yi da shi? Kiran masu zunubi zuwa ga tuba abu ne da muka saba, muna jinsa kowace Lahadi, muna kuma rera shi cikin waƙa. Amma ranar da mai zunubin ya amsa kiran, ya iso bakin ƙofa da fuskar nan da muka sani, sai mu ga ashe ba mu shirya masa ba.

Za mu dubi wannan tambaya ta wata hanya da ba mu saba bi ba, wato ta cikin littattafan komik na Amurka, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da zane-zane. Yaranmu da matasanmu sun san jaruman waɗannan littattafai ta wurin finafinai da talabijin, wani lokaci fiye da yadda suka san alƙalan Isra'ila. Kada wannan ya ba mu kunya. Waliyi Bulus ma, sa'ad da ya tsaya yana wa'azi a Atina, ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa domin ya kai masu sauraronsa ga Allah na gaskiya (Ayyukan Manzanni 17). Labaran ƙage ne, ba Maganar Allah ba, amma mutane ne suka rubuta su, mutanen da su ma suka san ciwon cuta da wahalar gafara.

MIYAGU DA SUKA SAKE HANYA

A cikin irin waɗannan littattafai, kowane jarumi yana da abokin gāba, wani mugu mai ƙarfi irin nasa. Da farko layin a fili yake: nagari a nan, miyagu a can. Amma kamfanin Marvel na birnin New York ya fara rikita wannan layi tun da wuri. A shekarar 1965, cikin fitowa ta 16 ta littafin Avengers, tsofaffin jaruman ƙungiyar suka janye, aka bar Captain America yana shugabancin mutum uku waɗanda dukansu aka fara saninsu a matsayin masu laifi: Hawkeye maharbi, da Quicksilver, da 'yar'uwarsa Scarlet Witch. Tun daga lokacin, mugun da ya tuba ya zama abokin jarumi ya zama sanannen jigo a wannan fanni.

Cikin dukan waɗannan labarai, wanda ya fi dacewa da nazarinmu shi ne na wata budurwa da ake kira Rogue, gama marubucin bai sauƙaƙa mata hanya ba, bai kuma manta da wadda ta cuta ba.

LABARIN ROGUE

Marubuci Chris Claremont da mai zane Michael Golden ne suka ƙirƙiro Rogue, ta kuma fara bayyana a 1981 cikin fitowar shekara ta 10 ta littafin Avengers. A labarin, yarinya ce daga Mississippi a kudancin Amurka, an haife ta da wata baiwa da ta zame mata la'ana: duk wanda fatarta ta taɓa fatarsa, sai ta zuƙe ƙarfinsa da tunaninsa, shi kuwa ya faɗi sumamme. Yaron da ya fara sumbatarta haka ya faɗi, ya shiga doguwar suma. Wata mace mai suna Mystique, shugabar wata ƙungiyar 'yan ta'adda, ita ce ta reni yarinyar, ta kuma sa ta cikin aikinsu.

Babban laifin Rogue shi ne abin da ta yi wa wata jaruma mai suna Carol Danvers a birnin San Francisco. Ta riƙe ta fiye da kima, har ta kwashe ƙarfinta da dukan abin da ta sani na rayuwarta, sa'an nan ta jefa ta cikin ruwa daga gadar Golden Gate. An ceto Carol da rai. Farfesa Xavier, shugaban ƙungiyar X-Men, ya taimaka ya maido mata da tunanin abubuwan da suka wuce, amma bai iya maido mata da ƙaunar da ke haɗe da su ba. Wato takan dubi iyayenta ta san su ne iyayenta, amma zuciyarta ba ta motsi. Wannan ɓarna ce da ba ta gyaru ba.

Ita ma Rogue ba ta sha da daɗi ba. Tunanin Carol ya zauna a cikin kanta, yana kokawa da nata, har ta kusa haukacewa. Mystique ba ta da magani. Saboda haka a 1983, cikin fitowa ta 171 ta littafin Uncanny X-Men, Rogue ta je ta tsaya a ƙofar gidan abokan gābanta tana roƙon Farfesa Xavier ya taimake ta. Xavier ya karɓe ta a kan gwaji. Almajiransa suka tayar. Storm, wadda take jagorancinsu a lokacin, ta ce in Rogue ta zauna, ita za ta tafi. Carol kuwa, wadda ta zama aminiyar gidan, da ta shigo ta gan ta, sai ta kai mata naushin da ya huda rufin gida da ita. Xavier bai janye ba. Ya tuna musu dalilin da aka kafa gidan, da irin mutanen da suka riga suka karɓa duk da halinsu na dā. Almajiran suka haƙura suka zauna, ba da son ransu ba. Carol ce ta bar gidan.

Bayan haka ƙungiyar ta tafi Japan domin bikin auren ɗaya daga cikinsu, Wolverine, wanda tsohon abokin Carol ne, bai kuwa so ya ga Rogue ko a bakin ƙofa ba. Amaryar, Mariko, ita ce ta marabce ta kamar kowane baƙo. Da abokan gāba suka kawo hari, aka harbo makami wajen Mariko, Rogue ta shiga tsakani ta tare harbin da jikinta har ta kai bakin mutuwa. Wolverine yana da baiwar warkewa daga rauni. Ko da yake shi ma yana da rauni a lokacin, ya taɓa ta da gangan domin ta zuƙi baiwarsa ta rayu. Wannan yana cikin fitowa ta 173. Daga nan aka fara amincewa da ita, sannu a hankali. Daga baya ta kai ga jagorancin X-Men, a 2012 kuma aka sa ta cikin wata ƙungiya ta Avengers, wato mutanen da ta fara yaƙa a ranar da aka fara saninta.

Labarin ke nan a taƙaice. Mutum uku ne a cikinsa: mai tuba, da wadda aka cuta, da jama'ar gida. Bari mu dube su ɗaya bayan ɗaya da hasken Bishara.

DARASI NA FARKO: TUBA DON WUYA

Abin lura na farko shi ne, ba baƙin cikin abin da ta yi wa Carol ne ya kawo Rogue bakin ƙofa ba. Wahala ce ta koro ta. Mu Hausawa muna da karin magana a kan wannan: kowa ya tuba don wuya ba lada. Akwai hikima a ciki, gama tana gargaɗinmu game da tuban muzuru. Amma in muka ɗauke ta a matsayin hukuncin ƙarshe, za mu rufe ƙofar da Ubangiji ya bari a buɗe.

Mu tuna da ɗan nan ɓatacce na Luka 15. Me ya juyo da shi gida? Yunwa ce. Yana kiwon aladu, ya tuna barorin ubansa suna ci suna ƙoshi. Bai fara da tunanin hawayen tsohon ba, da cikinsa ya fara. Duk da haka uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, bai tsaya binciken dalilin dawowarsa ba.

Ikilisiya ta daɗe da fahimtar wannan. Majalisar Trent, a zamanta na 1551, ta bambanta nadama iri biyu, Katikisma na Ikilisiyar Katolika na 1992 kuma ya maimaita koyarwar a sakin layi na 1452 da 1453. Akwai cikakkiyar nadama, wadda take fitowa daga ƙaunar Allah. Akwai kuma nadama marar cika, wadda take fitowa daga ganin munin zunubi ko tsoron hukunci. Ikilisiya tana koyar da cewa ta biyun ma baiwar Allah ce, motsin Ruhu Mai Tsarki ne, tana kuma shirya mutum ya sami gafara cikin Sakramentin Tuba. Saboda haka idan mashayi ya dawo don hantarsa ta lalace, ko ɓarawo ya dawo don ya tsufa ƙafa ta ƙi gudu, kada mu ce ba lada. Allah yakan fara da abin da ya samu. Wanenmu ne ya zo wurinsa da zuciya tsattsarka tun ranar farko?

DARASI NA BIYU: TSORON JAMA'AR GIDA

Kada mu yi saurin zargin Storm da 'yan'uwanta. Sun san abin da Rogue ta yi, sun ga Carol kafin abin da bayansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoronsu na masu hankali ne.

Haka yake a Ayyukan Manzanni 9. Shawulu ya yarda da kisan Istifanas, ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Sa'ad da Ubangiji ya aiki Hananiya wurinsa a Dimashƙu, Hananiya bai ɓoye tsoronsa ba: ya tuna wa Ubangiji irin ɓarnar da mutumin nan ya yi wa tsarkaka a Urushalima, da takardun izinin kamu da ya zo da su. Ubangiji bai tsauta masa don ya ji tsoro ba, amma bai kuma janye aiken ba. Hananiya ya tashi ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa.

Ko bayan baftisma matsalar ba ta ƙare ba. Da Shawulu ya iso Urushalima ya nemi shiga cikin almajirai, dukansu suka ji tsoronsa, ba su gaskata shi almajiri ne ba. Wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ta nuna shekara uku ta wuce kafin wannan ziyara, amma tsoron yana nan. Sai Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya tsaya masa. Daga baya, sa'ad da Shawulu ya koma Tarsus ya yi shiru, Barnaba ne kuma ya bi shi can ya kawo shi Antakiya (Ayyukan Manzanni 11).

A nan ne zuciyar darasinmu take. Yesu ne ya juyo da Shawulu a kan hanya, ba da taimakon kowa ba. Amma bai shigar da shi cikin Ikilisiya shi kaɗai ba, sai ta hannun Hananiya da Barnaba. Tuba tsakanin mutum da Allah take farawa, amma ba ta kai ga cika sai wani ya yarda ya ɗauki kasadar buɗe ƙofa. Mai buɗewar kuwa yakan biya wani abu. Xavier ya kusa rasa almajiransa. Wolverine ya ba da ƙarfin da shi kansa yake bukata. Barnaba ya jinginar da sunansa: da Shawulu ɗan leƙen asiri ne, da jinin 'yan'uwa yana wuyan Barnaba.

Akwai wani abin da ya kamata ya ƙasƙantar da mu duka. Bulus ɗin nan da aka tsaya masa, da Yohanna Markus ya gudu ya bar su a Bamfiliya, ya ƙi a sake tafiya da shi, har suka rabu da Barnaba a kan maganar (Ayyukan Manzanni 15). Barnaba ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus. Sai can gaba, cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, muka ji Bulus yana neman a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ashe wanda aka buɗe wa ƙofa ma yana iya mantawa ya rufe ta a fuskar wani.

DARASI NA UKU: HAƘƘIN WANDA AKA CUTA

Wurin da labarin Rogue ya fi ciwo shi ne fitar Carol. An karɓi mai laifi, wadda aka cuta kuwa ta rasa gidan da ta sami mafaka. Marubucin bai ɓoye wannan ba, bai kuma sa Carol ta yi murmushi ta ce ba kome ba. Mu ma kada mu ɓoye shi, gama sau da yawa haka yake faruwa a majami'unmu. Mai tuba yakan ba da shaida a gaban jama'a, a yi tafi, a yi guɗa, gwauruwar da ya cinye gonar mijinta kuwa tana zaune a bencin baya, ba wanda ya waiwaye ta. In ta daina zuwa Misa, sai mu ce ba ta da gafara.

Bishara ba ta koya mana haka ba. A misalin ɗa ɓatacce, uban ya fita sau biyu: ya fita ya taryi ƙaramin, ya kuma bar biki ya fita wurin babban da ya ƙi shiga, ya saurari ƙorafinsa, ya lallashe shi, ya tabbatar masa gādonsa yana nan. Zakka na Yariko, a Luka 19, bai tsaya ga marabtar Yesu da abinci ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya yi shelar ceto ya sauka a gidan.

Katikisma, a sakin layi na 1459, ya bayyana cewa gafarar da Fada yake furtawa tana ɗauke zunubi, amma ba ta gyara dukan ɓarnar da zunubin ya yi. Dole mai tuba ya yi abin da zai iya: ya mayar da abin da ya sata, ya wanke sunan wanda ya yi wa ƙazafi, ya biya diyyar raunin da ya jawo. Wanda ya fito daga wurin furta zunubi da akuyar maƙwabcinsa ɗaure a gidansa, bai gama tuba ba tukuna.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta mayuwa. Rogue ba ta iya mayar wa Carol abin da ta ɗauke ba, ta kuma yi fama da muryar Carol a cikin kanta har zuwa fitowar 1990. Istifanas bai tashi daga kabari don Shawulu ya tuba ba. Shi ya sa Bulus, har yana babban manzo, yake kiran kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni saboda ya tsananta wa Ikilisiya (1 Korintiyawa 15). An gafarta masa, amma bai mai da abin kamar bai faru ba.

Tarihin Ikilisiya ya ba mu misali na gaske. A watan Yuli na 1902, a ƙasar Italiya, wani saurayi mai suna Alessandro Serenelli ya sossoki Mariya Goretti, yarinya mai shekara 11, don ta ƙi yarda da mugun nufinsa. Ta gafarta masa kafin ta cika. Duk da haka shari'a ta yi aikinta: an yanke masa shekara 30, ya yi 27 a kurkuku. A Kirsimetin 1934 ya je da ƙafarsa wurin Assunta, mahaifiyar yarinyar, ya roƙi gafara. Ta yafe masa, suka halarci Misa tare. Paparoma Pius na 12 ya ayyana Mariya a matsayin waliyiya a 1950, Alessandro kuwa ya ƙare kwanakinsa yana hidima a gidan 'yan zuhudun Kafucin, ya rasu a 1970. Mu lura da tazarar: shekara 32 tsakanin laifin da ranar da ya tsaya a gaban uwar. Mu lura kuma shi ne ya je wurinta. Ba a kawo ta gaban jama'a aka tilasta mata ta yafe ba.

DARASI NA HUƊU: GAFARA DABAN, AMANA DABAN

Xavier ya karɓi Rogue a ranar da ta zo, amma a kan gwaji. Amana ta zo daga baya, bayan an ga aikinta. Wannan bambanci yana da muhimmanci, Ikilisiya kuma ta koye shi cikin wahala.

A shekarar 250, Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka fāɗi. Da tsanani ya lafa suka nemi dawowa, sai Ikilisiya ta rabu. Wasu suka ce a karɓe su nan take ba tare da wani sharaɗi ba. Wani firist na Roma mai suna Nobatiyan ya ce kada a karɓe su har abada. Paparoma Korneliyus da Waliyi Sifiriyan, Bishop na Kartaj a Arewacin Afirka, suka ƙi duka biyun: a karɓe su, amma bayan lokacin tuba gwargwadon nauyin laifinsu. A 251 wata majalisa ta bishop 60 a Roma ta yanke wa Nobatiyan hukunci. Wato Ikilisiya ta ga ƙin gafara kuskure ne babba da ya isa ya raba mutum da ita, ta kuma ga gafarar da ba ta neman gyara raini ne ga jinin shahidai.

Ma'anar wannan a gare mu a fili take. Ma'ajin da ya ci kuɗin ginin majami'a ya tuba, wurinsa a teburin Ubangiji yana nan, amma ba lalle ne a mayar masa da mabuɗin akwati ba. Wanda ya lalata yaro ko yarinya, dole a kai maganarsa ga hukuma, ko ya tuba kuma ba za a sake ba shi kula da yara ba. Wannan ba rashin gafara ba ne. Kāriya ce ga raunana, kāriya ce kuma ga shi kansa daga jaraba. Mai tuba na gaskiya ba ya gardama a kan wannan. Wanda ya fara da neman kujerarsa ta dā kafin ya nemi wanda ya cuta, a yi hattara da shi.

INDA LABARIN KOMIK YA TSAYA

Ba kowane mugun komik ne ya dawwama a kan sabuwar hanya ba. Sandman, tsohon abokin gāban Spider-Man tun 1963, ya fara sake hali a wani labari na 1982, sa'ad da jarumi Ben Grimm ya same shi a raunane, maimakon ya kama shi sai ya zauna ya saurare shi. Har an kai ga sa shi cikin 'yan ko-ta-kwana na Avengers. Amma a ƙarshen shekarun 1990 marubuta suka mai da shi mugu kamar dā. Dalilin ba boyayye ba ne: mai sayar da labarin faɗa yana bukatar miyagu, in duka suka tuba kasuwa ta mutu.

Mu ma wani lokaci muna riƙe mutum a matsayinsa na dā domin muna bukatarsa a can. Muddin akwai ɓarawon unguwa, kowa yana jin kansa mutumin kirki ne. Sai mu ce hali zanen dutse. Gaskiya ne hali yana da wuyar sakewa, wasu kuma sukan koma. Amma Allah da ya yi alkawari ta bakin annabi Ezekiyel zai cire zuciyar dutse ya ba da ta nama (sura 36), zanen da ke kan dutsen bai fi ƙarfinsa ba. Akwai kuma wani bambanci. A komik, mai tuba yakan sayi karɓuwa da jarumtaka, kamar yadda Rogue ta tare harbi da jikinta. A Bishara kuwa, wani ne ya tare mana harbin tun muna abokan gāba (Romawa 5). Ayyukanmu na tuba amsa ce ga ƙaunar da ta riga mu.

A CIKIN IKILISIYARMU

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Tun daga 2016 gwamnatin Nijeriya ta kafa shirin gyaran halin tubabbun mayaƙan Boko Haram, da sansani a Malam Sidi cikin Jihar Gombe, muhawara kuma ta yi zafi a kansa, musamman daga bakin waɗanda aka kashe musu iyali aka ƙone musu garuruwa. Hukunci da tsaro aikin hukuma ne. Amma tambayoyin da darasinmu ya koya mana suna nan: An faɗi gaskiyar abin da aka yi? An kula da waɗanda aka cuta aƙalla kamar yadda aka kula da mai tuba? Ana ba da amana mataki mataki? Inda aka tsallake waɗannan, ba sulhu aka yi ba, rufe miki aka yi da ƙyalle.

Yawancinmu dai ƙananan shari'u ne za su zo gabanmu: mijin da ya watsar da iyali ya dawo, matashin da ya fito daga kurkuku, 'yar da ta bar gida ta dawo da goyo, ɗan'uwan da ya bar bangaskiya a lokacin tsoro. Ga kowannensu ikilisiya tana bukatar mutum biyu. Tana bukatar Barnaba da zai kama hannun mai tuba, ya zauna kusa da shi a Misa, ya taimake shi neman sana'a, ya kuma raka shi gidan wanda ya cuta. Tana bukatar kuma wanda zai yi kamar uban nan, ya bar biki ya fita wurin wanda aka cuta, ya zauna da shi ba tare da gaggauta shi ba. Katikis, da shugabannin Zumuntar Mata, da dattawan majalisar ikilisiya, su raba wannan aiki a tsakaninsu, kada a bar wa Fada shi kaɗai.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya bambanta tuba don wuya da tuban muzuru? Ta waɗanne alamu za mu gane?
2. Da muna cikin almajiran Urushalima, me za mu ce wa Barnaba? Me za mu ce wa iyalin Istifanas?
3. Akwai wanda ya daina zuwa majami'armu domin an karɓi wanda ya cuce shi ba a waiwaye shi ba? Wa zai ziyarce shi a wannan mako? (Kada a ambaci sunaye a taro.)
4. Akwai abin wani da yake hannunmu, ko sunan wani da muka ɓata, wanda har yanzu ba mu gyara ba?

ADDU'A

Ya Allah Uba mai jinƙai, kai da ka aiki Hananiya wurin wanda yake tsoro, ka ba mu ƙarfin hali mu buɗe wa masu tuba ƙofa. Ka ba mu idon ganin waɗanda aka cuta, kada murnarmu ta zama ƙarin ciwo a gare su. Ka ba masu dawowa haƙurin jira da niyyar gyara abin da suka ɓata. Ka kuma tuna mana kullum cewa mu ma ta ƙofar nan muka shigo. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.